Tocilar Ƙwararre da Sif ɗin Kaka

Akwai wani mutum a layinmu, ba zan kama sunansa ba, ya san kansa, shi ya raba mijin ƙanwata da aikinsa. Bai kai ƙararsa wurin kowa ba, bai ɗaga ko tsinke ba. Yana zaune a kan bencin nan nasa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana sakace haƙori, ya ce masa, "Kai da ka san kan kaya, ai ba ka sayen abu da ka." Shi ke nan. Ya kunna shi, ya koma gefe yana kallo.

Mijin ƙanwar tawa Ƙwararre ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa. Babu abin da bai sani ba a duniyar nan sai yadda ake riƙe aiki. Ya taɓa gyara mana fanka, ta koma juyawa da baya tana zuƙe 'yar iskar da ke ɗakin. Da muka yi magana ya ce ai haka na zamani suke.

Ni direba ne a wani shagon kayan ɗaki: gadaje, kujeru, madubai, da sif na rataye tufafi. Ni nake kai wa masu saye kayansu gida, ni da abokin aikina Dogo, mai ɗauka da saukewa. Mai shagon mace ce, Madam muke ce mata, ba ta dariya sai da mai saye. Na yi ta yi mata naci har ta yarda ta ɗauki Ƙwararre gwaji, ya kula da sito. Ranar da nake ba ku labari ita ce ta ƙarshen gwajin. Da yamma Madam za ta ce ya zauna ko ya kama gabansa. Tun da safe ƙanwata ta kira ni.

"Yaya, don Allah ka sa masa ido yau. In ya rasa wannan, sai dai ka nemo masa inda zai riƙa wuni. Na gaji da bayani. Jiya wanke-wanke ya tsaya yana koya mini."

Siton namu ba shi da taga, ƙwan fitila ɗaya ne tal a bakin ƙofa, can ciki sai lalube. Shi ya sa ana gobe Madam ta ce masa, "Ka nemi 'yar tocila ta aljihu. Kowace iri ce, in dai tana haske." Mutum mai hankali zai tsallaka titi, ya danna, ya ga ta kama, ya jefa aljihu. Shi kuwa sai da ya biya ta wurin mai bencin nan.

Da safe sai ga shi yana tafe yana ƙaras-ƙaras, hannu ɗaya riƙe da ƙugun wando. Aljihun gaba sun kumbura, na baya sun kumbura, na riga ya rinjayi wuyan rigar gefe guda. Ashe ya je wurin mai kayan lantarki na tsallaken titi, ya cika shi da surutu har ya ba shi kowane iri ɗaya-ɗaya ya gwada.

"Wannan fa?" na ce. "Shago za ka buɗe?"

"Yaya, ba za ka gane ba. Kai sitiyari ka sani. Tocilar aljihu kimiyya ce. Akwai nauyi, akwai tsawo, akwai yadda take kwanciya a aljihu ba ta tokare mutum in ya sunkuya. Akwai nisan haske, akwai faɗinsa."

"Madam ta ce kowace iri."

"Madam 'yar kasuwa ce. Ni mai bincike ne."

Ya zazzage su a kan bonet ɗin motata. Akwai siririya kamar biro, akwai gajeriya mai kauri, akwai mai maganaɗisu a gindi, akwai wata mai maɓalli ɗaya da aiki barkatai: ka danna ta haska, ka sake ta rage, ka sake ta soma ƙifta ja da shuɗi, ka sake ta saki jiniya kamar motar asibiti. Wanda ya ƙera wannan ma ina da magana da shi, amma ba yau ba.

Gwajin farko a idon Dogo aka yi shi. Dogo na tsugune yana warware igiya, abin jin waƙa toshe a kunnuwansa kamar kullum, Ƙwararre ya ɗago masa haɓa ya dalle shi da gajeriyar.

"Me ka gani?"

"Na ga kakata da ta rasu!" Dogo ya ce yana murza ido. "Kai, wane irin mutum ne kai?"

"Madalla. Tana da ƙarfi. Buɗe ɗaya idon, a gwada siririyar."

Dogo ya ɗaga igiya. Ƙwararre ya ce to, a tsallake wannan matakin.

Na biyu gwajin faɗuwa. Ya hau matakalar shago ya saki ɗaya. Ta fashe, batir ya gangara ƙarƙashin mota, murfin ya nufi kwata. Ya bi murfin da rarrafe, mai maganaɗisun da ya mayar aljihunsa na baya ta kama bambar mota ta riƙe, shi ya yi gaba, wandon ya tsaya. Mai gyaran takalmi da ke gefenmu ya ajiye allura ya gyara zama.

"Ƙwararre, a bar ka haka ko a kawo zani?"

"Ka ga ƙarfin maganaɗisu ko? Ai da gangan na yi."

Na uku gwajin ruwa. An rubuta a jikin wata cewa ruwa ba ya shigarta. Ya kunna ta ya jefa a bokitin da ake goge daɓe. Ta yi haske a ƙasan bokiti, ta yi wani ɗan ƙif-ƙif, ta yi sallama da duniya.

"Ta mutu," na ce.

"Ta faɗi jarrabawa. Da ba don ni ba da yanzu wani bawan Allah ya saya."

"Kai, ka zaɓi ɗaya ka shiga sito! Madam na hanya."

"Saura biyu, Yaya. Gwajin baki da gwajin duhu."

Na ce mene ne kuma gwajin baki. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai je makaranta ba. Wai mai kula da sito hannuwansa biyu kullum suna cikin aiki, saboda haka tocila a baki take zama. Dole a san wadda haƙori ke riƙewa ba ta zamewa. Ya soma cusa su ɗaya bayan ɗaya yana magana ta hanci. Mai jiniyar nan ta fi bakinsa kauri, amma ya dage sai ta shiga.

"To duhun fa?" na ce. "Ga sito can, duhu har ya yi maka yawa."

Ya zare ta, ya goge yawu a hannun riga. "Duhun sito gauraye ne. Akwai ƙwan fitila a bakin ƙofa."

"Kashe shi mana!"

"Duhun da sai an kashe fitila ake samunsa ai duhun aro ne. Ni na asali nake nema, wanda haske bai taɓa shiga ba."

A nan na san in na ƙara minti ɗaya a wurin, ƙanwata za ta zama bazawara ta hannuna. Na shiga mota na tafi shan mai.

Abin da ya faru a bayana daga bakinsa na ji daga baya, kuma da alfahari ya faɗa. Ya zagaya cikin shago yana neman duhu na asali, sai ya ga wani dogon sif mai ƙofa biyu an jawo shi kusa da ƙofar fita. Ya leƙa. Ba kowa ciki sai sandar rataye kaya. Ya shige, ya jawo ƙofa. Ya ce duhun da ya tarar a ciki ko a mafarki bai taɓa ganin mai kyansa ba. Ya cusa mai jiniya a baki, ya riƙe biyu a hannu, ya soma kwatanta haske a jikin katako.

Sai ga muryar Madam.

To, Madam tana da doka ɗaya da ba ta sassautawa: ma'aikaci ba ya zama, ba ya kwanciya, ba ya jingina da kayan sayarwa. Ta taɓa korar mutum don ta ga shatin gwiwar hannunsa a kan katifa. Ƙwararre ya sani sarai. Ya kashe tocila, ya maƙale, ya ce bari ta shige ofis ya sulale.

"Dogo!" in ji Madam. "Wannan sif ɗin na tsohuwar nan Kaka ne, tun jiya take kira. Direba na dawowa ku kai mata."

Mu kuwa muna da yadda muke yi da sif kafin a ɗora shi a mota. A murɗa makulli don kada ƙofa ta buɗe a hanya, a zare makullin a ba direba, a lulluɓe da bargo, a ɗaure da igiya, a kwantar da shi a bayansa. Dogo ya yi duk wannan yana gyaɗa kai yana bin waƙarsa. Na dawo, ya miƙo mini makulli, na jefa aljihu. Muka kama, shi sama, ni ƙasa.

"Kai!" Dogo ya ce. "Wannan katakon na gaske ne."

"Kayana duk na gaske ne," in ji Madam. "Ina sabon mai sito?"

"Yana ciki," na ce. Sito nake nufi, kuma har ga Allah abin da na ɗauka ke nan.

Da muka kishingiɗar da sif ɗin, Ƙwararre ya tafi da baya, ƙeyarsa ta bugi katako, tocilar nan ta ƙarasa shigewa ta tokare masa muƙamuƙi. Ba ta gaba, ba ta baya. A lokacin ya yanke shawarar yin ihu, amma ihun ya tarar an rufe hanya.

Wasu suna cewa wai ban ji bugu a bayan mota ba? Motata ba inda ba ya bugu. Ƙofa na bugu, salansa na bugu, ni kaina in na sauka sai na jima ina bugu. Hanyar gidan Kaka kuwa ramuka ne aka ɗan yayyafa wa kwalta. Kowane rami muka faɗa, haƙoransa na danna maɓalli. Na ji jiniya kam, har na kauce gefen titi na ba da hanya. Na duba madubi, ba motar asibiti, ba komai. Na hau titi, ta sake tashi, na sake kaucewa. Dogo ya zare abin kunne ya ce, "Yau marasa lafiya sun yi yawa a garin nan."

Kaka tsohuwa ce 'yar firit, mai sanda da kaifin harshe. Tana bakin ƙofa tana jiranmu.

"Sai yanzu? Na ɗauka bishiyar kuke jira ta girma."

"Sannu da gida, Kaka. Hanya ce."

Muka sauke da ƙyar. Ƙofar gidan ƙunci gare ta, sai da muka juya sif ɗin a gefe, muka ɗaga shi, muka ga ba ta nan ba, muka kifa shi, sannan ya shige. Wani maƙwabci mai wanki ya zo ya kama mana. Kaka na biye da mu tana jin yadda muke nishi, fuskarta sai walƙiya take.

"Yawwa! Abin da nake so ke nan. Na ce wa uwar ɗakinku ba na son na zamanin nan da iska ke turewa. Ku ji nauyi! Ƙato uku suna kuka."

Muka tsayar da shi a ɗakinta. Ɗakin da ɗan duhu, labule a sake. Dogo ya kwance igiya ya yaye bargo. Sai ga haske yana fitowa ta ramin makulli, siriri, miƙe, har bangon da ke fuskantarsa. Ta ƙasan ƙofa ma yana tsiyaya.

Kaka ta matso. "Har da fitila a ciki? Ba ta gaya mini ba."

Hasken ya koma ja. Ya koma shuɗi. Ja, shuɗi, ja, shuɗi. Sif ɗin ya yi wani gurnani daga can cikinsa, "Mmmuuu!" ya girgiza, sannan jiniya ta tashi.

Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakar gida ba. Dogo ya riga ni, takalminsa ɗaya a ɗaki. Mai wanki ya fita ta taga, har yau ana mamakin yadda ya shige ta. Kaka kuwa, wadda aka ce ƙafa na damunta, ita ce ta fara isa titi, sandar a hammata.

Kafin ka ce me, layin ya cika. Mai wanki na rantsuwa ya ga idanu biyu jajaye. Wata mata ta ce wayar lantarki ce ta haɗu, a kashe mita. Wani ya ce a'a, bishiyar da aka sare da mai ita a ciki. Wani mai ƙarfin hali ya shiga da bokitin ruwa ya watsa wa sif ɗin ya fito da gudu, gurnanin ya ƙaru. Kaka ta kira Madam a waya.

"Ke! Zo ki kwashe abinki! Sif na saya, ba abokin hira ba!"

"Makullin ai yana hannunka, direba," in ji Dogo. "Je ka buɗe."

"Kai ka kulle, kai za ka buɗe."

"Ni ina da 'ya'ya."

"Ni duwatsu na haifa?"

Muna wannan Madam ta iso a tasi. Ba ta gaida kowa ba sai Kaka. Ta ce a fito da sif ɗin fili kowa ya gani, don kada a ɓata mata suna a gari. Muka jawo shi har bakin titi, muna ja muna karanta duk abin da ya zo bakinmu. Ta karɓi makulli, ta murɗa, ta ja ƙofa.

Jama'a suka ja da baya gaba ɗaya.

Ƙwararre ne tsaye, a jiƙe, gashi a hargitse, sandar rataye kaya a wuyansa. Kumatunsa sun kumbura suna haske daga ciki, ja, shuɗi, har ana ganin inuwar haƙoransa. Aljihun rigarsa na haske, na wando na haske, gindinsa ma na haske, don duk sun kunna kansu a hanya. Jiniya na fita ta hancinsa.

Ya tako waje. Ya ɗaga wa mutane hannu.

Kaka ta zagaya ta bayansa, ta yi ɗage, ta sauke masa tafin hannu a ƙeya. Tocilar ta yi tsalle ta faɗa cikin bahon mai wanki tana ci gaba da kuka a ƙarƙashin kumfa.

Ƙwararre ya motsa muƙamuƙi hagu da dama, ya nuna bahon.

"Kun gani? Wannan kam, ruwa ba ya shigarta."

Dariyar da aka yi, har masu wucewa a mota sai da suka tsaya. Madam ba ta yi ba.

"Me kake yi a cikin kayana?"

"Bincike, ranki ya daɗe. Ke kika ce in nemi tocila."

"Na ce ka shiga sif?"

"Ba ki ce kada in shiga ba."

"To wacce ka zaɓa?"

Ya shafa aljihu. "Gaskiya biyu sun yi kunnen doki. In za a mayar da ni ciki a sake zagayawa ta hanyar nan..."

Na rufe ido. Amma Madam 'yar kasuwa ce, cinikinta ta fara ceto. Ta juya ga Kaka da murmushin nan nata, ta ce a yi haƙuri, sif ɗin lafiyarsa lau, a goge ruwan a mayar ɗaki. Na ga alamar in Kaka ta karɓa, wataƙila a tsaya a faɗa da zagi, aiki ya tsira. Dogo ya sa hannu. Shi kaɗai ya ɗaga sif ɗin cak, kamar kwali, har yana gyara hula da ɗaya hannun.

Kaka ta buga sanda a ƙasa.

"Ajiye! Ajiye shi nan! Ashe nauyin mutum ne?" Ta juya ga taron. "Jama'a, ku shaida! Ƙato suke sakawa a ciki don ya yi nauyi! In an biya sai ya fice ya bar ka da kwali!"

"Kaka, wallahi ba haka ba ne," in ji Madam.

"Shekaranjiya na sayi gado a wurinta," wata ta ce daga baya. "Bari in je in leƙa ƙarƙashi."

"Ni dai mai nauyi na saya," in ji Kaka. "Ko ki mayar da shi ciki ki kulle, ko ki kwashe duka biyun."

Ƙwararre ya gyara murya. "In za a riƙa ba ni abinci, ana iya duba maganar."

A nan Madam ta sallame shi, a tsakiyar titi, da kalmomin da ba zan rubuta ba saboda yara na karatu. Ta ce mu ɗora sif a mota, shi kuma kada ya kuskura ya hau, ko inuwarsa ba ta so a kusa da kayanta. Ya kamo hanya a ƙafa da rana tsaka, wando a hannu, aljihu na ƙifta ja da shuɗi, rabin layin na rakiyarsa.

Da yamma na biya gidan ƙanwata. Na tarar da ita zaune ta zuba tagumi. Shi kuma yana kan tabarma, ya ɗaure muƙamuƙi da tawul, ya jera tocilolin a gabanta yana yi mata bayanin bambancin nisan haske da faɗinsa. Ta ɗago ta dube ni. Ban zauna ba.

Da na fito, sai ga mutumin nan a kan bencinsa, ya tara mutane yana ba su labari yana share hawaye don dariya. Ƙwararre ya biyo ni waje, mai bencin kuwa ya haɗiye dariyar nan take ya ce, "Rabu da su. Aikin nan dama ya yi maka kaɗan. Kai da ya kamata a ce jirgin sama kake dubawa." Na ga idon Ƙwararre ya ɗaga sama ya tsaya.

To ga maganata. Wawa shi kaɗai ba ya nisa, gajiya yake yi ya zauna. Mai zuga shi ne ke sa masa mai. Kuma kai da kake karanta wannan kana ƙyalƙyala, kada ka yi mini fuskar salihai. Kai ma akwai Ƙwararren da ka taɓa dafa wa kafaɗa ka ce masa "ai kai ne maganin abin," alhali ka san ba shi ba ne, don kawai ka samu abin kallo. In ƙarya na yi maka, motata tana ƙofar shago kullum da safe. Zo ka dubi idona ka musa.